Kwamfutar Baba ta yi nauyi, Yaya ya hana a yi mata fomatin

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe ta jami'a, kuma saura mini mako shida in miƙa kundin bincikena. Kwamfutar da nake aiki da ita ta mahaifinmu ce, Allah Ya jiƙansa, wanda ya rasu shekara biyu da suka wuce. Babban yayanmu ne ya ba ni ita in yi karatu, da sharaɗin kada in goge komai, domin a cikinta akwai hotunan Baba na aikin hajji, da muryarsa da ya ɗauka yana karatun Alƙur'ani, da hotunan takardun gidanmu da na gona. Ƙirar HP ce, tana da Windows 10 da RAM mai gigabait 4. Yanzu ta yi nauyi ƙwarai, takan yi kusan minti goma kafin ta gama buɗewa, kuma sau biyu tana daskarewa ina tsakiyar rubutu, aikin da na yi ya tafi. Na kai wa wani mai gyara, ya ce sai an yi mata fomatin an zuba sabon Windows, kuma cikin awa ɗaya zai gama. Da na gaya wa Yaya sai ransa ya ɓaci, ya ce kada a kuskura a taɓa ta, saboda an taɓa goge masa wayarsa a wurin gyara, hotunan Baba masu yawa suka salwanta. Ƙawata ta ce in kwashe abubuwan a filash in kai a yi a ɓoye, tunda ba zai sani ba. Ba na son in saɓa masa, kuma ina tsoron in rasa shekarata ta karatu. Don Allah a ba ni shawara.

Daga wata ɗaliba, Zariya

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya gafarta wa mahaifinku, Ya ƙara muku haƙurin rashinsa, Ya kuma ba ki nasarar kammala karatunki. Na karanta wasiƙarki a tsanake, kuma abin da nake so ki fara riƙewa shi ne ba dole ba ne ki zaɓi ɗaya tsakanin kundinki da abubuwan da Baba ya bari. Akwai hanyar da za a zuba wa kwamfutar nan sabon Windows, ta yi sauri fiye da yadda kika san ta, ba tare da an goge ko hoto ɗaya ba. Zan zo kanta, amma bari mu fara da Yaya, domin matsalar da ke tsakaninku ta fi ta na'urar nauyi.

Shawarar ƙawarki kada ki ɗauke ta. Na san da kyakkyawar niyya ta ba ki, ganin halin da kike ciki, amma Yaya amana ya ba ki da sharaɗi, kuma kin karɓa a kan sharaɗin. Ramin ƙarya ƙurarre ne: ranar da ya buɗe kwamfutar ya ga fuskarta ta sauya, ko ya nemi wani abu da kika manta ba ki kwafa ba, abin da zai karye tsakaninku ya fi ƙarfin mai gyara. Ki dubi kuma dalilinsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ya taɓa miƙa wayarsa da hannunsa aka dawo masa da ita babu hotunan mahaifinsa, kuma ina kyautata zaton har yau yana ganin laifin kansa a kan haka. A matsayinsa na babba, shi ne za a tambaya idan ana neman takardun gida ko na gona. Saboda haka idan ya ce kada a taɓa, tsoron sake rasa wani abu na Baba ne yake magana, kuma tsoronsa yana da tushe, domin abin da ake kira fomatin a wuraren gyara yawanci share faifan ajiya ne gaba ɗaya, sannan a zuba Windows a kansa. Bayan haka da wuya a dawo da abin da aka share cikakke.

Ke ma kina da gaskiya, kuma kada ki ji kamar son kai kike yi. Mako shida ba lokaci ba ne mai yawa ga wanda yake rubuta kundi, kuma kwamfutar da take cinye miki aiki sau biyu za ta iya cinye shi a daren da za ki miƙa. Sannan akwai abin da nake ganin ku duka ba ku lura da shi ba, kuma shi ne ya fi tayar mini da hankali a cikin wasiƙarki. Ba ki ce waɗannan hotuna da muryar Baba suna wani wuri daban ba. Idan a wannan kwamfutar kaɗai suke, to barin ta yadda take shi ne babban haɗarin. Faifan ajiya irin na da, wanda ake kira HDD, yana da faranti mai juyawa da allurar da ke karanta shi, kuma yana tsufa kamar kowane inji. Jinkirin buɗewa da daskarewa ba zato suna daga cikin alamomin da yakan nuna kafin ya mutu. Ba na cewa naku ya kusa mutuwa, domin wasu dalilai ma suna jawo haka, amma idan shi ne, wata safiya za ki kunna ta ta ƙi tashi, alhali babu wanda ya taɓa ta.

Don haka aikin farko, yau ko gobe, tun kafin a yi maganar gyara, shi ne kwafe komai zuwa wuri biyu. Wuri ɗaya ya zama abin da za ku riƙe a hannu, wato faifan ajiya na waje ko sabon filash mai girman da zai ɗauke su. Ɗayan ya zama a intanet: duk mai adireshin Gmail yana da gigabait 15 kyauta a Google Drive, kuma ko da ba zai ɗauki komai ba, zai ɗauki muryar Baba da takardun gida da hotunan da suka fi muhimmanci. Ki bi wuraren ajiya ɗaya bayan ɗaya, da Desktop da Documents da Pictures da Downloads da Music da Videos, sannan ki duba ko faifan a rabe yake, domin dattawa da yawa a ɓangaren D ake ajiye musu abubuwansu. Idan da manhajar ɗaukar murya ta Windows Baba ya yi karatun, ki duba cikin Documents, a nan take ajiye su. Ki fara da abin da ba za a iya sake samunsa ba, saboda idan faifan yana da rauni, kada ya gaza kina kan kwafar abin da ba shi da amfani. In kin gama, ki kai filash ɗin wata kwamfutar da kika amince da ita, ki buɗe hotunan ki saurari muryoyin, domin ganin sunan fayil bai isa shaidar cewa ya kwafu lafiya ba. Kada ki yi amfani da filash ɗin da kike kaiwa shagunan buga takardu, saboda ta wannan hanya ce cutar nan mai ɓoye fayiloli ta mayar da su gajerun alamu, wato shortcut, take yawo a tsakanin ɗalibai. Shi kuwa kundinki, daga daren yau ki riƙa aika wa kanki shi ta imel duk lokacin da kika tashi daga aiki.

Sai maganar mai gyara. Ban ga mugunta a abin da ya ce ba, fomatin shi ne maganin da ya fi sauri a wurinsa, kuma sau da yawa yana aiki. Sake zuba Windows yana kawar da tarkacen da suka taru shekara da shekaru: manhajojin da suke tashi da kansu da zarar an kunna kwamfuta, da ragowar waɗanda aka cire ba su fita duka ba, da fayilolin Windows da suka lalace saboda ɗaukewar wuta, da mafi yawan cututtuka. Amma ba ya ƙara RAM, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, ba ya warkar da faifan da ya gaji, kuma ba ya fitar da ƙurar da ta toshe fanka. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ne ciwon, za ta yi sauƙi na 'yan kwanaki, sannan ta koma gidan jiya, an yi kasada da abubuwan Baba a banza.

Za ki iya gano ciwon da kanki cikin 'yan mintoci. Ki kunna ta, ki bar ta ta natsu, sai ki danna Ctrl da Shift da Esc a tare, abin da ake kira Task Manager zai buɗe. A shafin da aka rubuta Performance za ki ga yawan aikin da kowane sashe yake yi. Idan Disk yana tsaye a kashi 100 cikin 100 na dogon lokaci alhali ba ki buɗe komai ba, faifan ne yake riƙe ta. Idan Memory, wato RAM, yana haura kashi 85 da zarar kin buɗe Word da Chrome, gigabait 4 ɗin ne ya yi mata kaɗan, kuma hakan ba abin mamaki ba ne, domin Windows 10 kaɗai yana cin kusan rabinsa. A shafin Startup kuma za ki ga manhajojin da suke tashi tare da ita, ki dakatar da waɗanda ba ki buƙata. Dakatarwar ba ta goge komai, saboda haka ba ta saɓa wa sharaɗin Yaya ba. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo da take karanta rahoton lafiyar faifai, idan ta nuna gargaɗi mai launin rawaya ko ja, ki daina jinkiri. Ki kuma taɓa ƙarƙashin kwamfutar bayan ta yi rabin awa tana aiki. Idan ta yi zafi sosai fanka tana ƙara, ƙurar hunturun shekaru ce ta taru a ciki, kuma kwamfuta in ta ji zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Wannan buɗewa da gogewa kawai yake buƙata.

Ga hanyar da na fi so ki bi, kuma ita nake so ki kai wa Yaya. A sayi sabon faifai na zamani, wato SSD, mai gigabait 256 ya ishe ki. A cire tsohon faifan Baba yadda yake, ba tare da an share ko an rubuta masa komai ba, a sa sabon a gurbinsa, a zuba sabon Windows a kan sabon. Shi SSD ba shi da abin da ke juyawa a cikinsa, yana karanta bayanai ninki da yawa fiye da HDD, kuma a irin waɗannan kwamfutoci shi ne gyaran da ya fi kawo sauyi: wadda take ɗaukar mintoci kafin ta buɗe takan dawo ƙasa da minti ɗaya. Tsohon faifan kuma a saya masa ɗan gidan da ake sa shi a ciki, mai wayar USB, wanda ake samu a wurin masu sayar da kayan kwamfuta. Da shi za a iya jona faifan a kowace kwamfuta a ga hotunan Baba a inda ya ajiye su da hannunsa. Sai ki miƙa wa Yaya shi ya adana. Ta haka kin sami sabon Windows, shi kuma ya karɓi amanarsa cikakkiya, kuma ko da wani abu ya faru a wurin zubawar, ana iya mayar da tsohon faifan kwamfutar ta koma yadda take. Idan kuɗi ya isa, a ƙara RAM ya kai gigabait 8 a wannan zaman.

Abu biyu za ki tabbatar kafin a kwance ta. Na farko, wasu ƙananan kwamfutoci masu araha ma'ajiyarsu a manne take da allon ciki, ba a cire ta, sai ki sa mai gyara ya duba lambar ƙirar taku ya gaya miki. Na biyu, ki duba ko faifan yana kulle da abin da ake kira BitLocker. Idan yana kulle, ba zai buɗe a wata kwamfutar ba sai da mabuɗinsa mai lambobi 48, wanda yawanci yana cikin asusun Microsoft na wanda ya saita kwamfutar, wataƙila na Baba ke nan. Tunda yanzu kina iya shiga cikinta, a fitar da mabuɗin a rubuta shi a takarda, ko a kashe kullen gaba ɗaya, kafin a cire faifan. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa na ce kwafar ta riga komai.

Idan babu halin sayen SSD a yanzu, akwai hanya ta biyu a cikin Windows ɗin kansa. A Settings, ƙarƙashin Update & Security, sannan Recovery, akwai Reset this PC. Yana ba da zaɓi biyu, kuma wanda ya dace da ku shi ne Keep my files, wanda yake sabunta Windows ya cire manhajojin da aka zuba amma ya bar fayilolin mutum. Ɗayan, Remove everything, shi ne daidai da fomatin, kada hannunki ya kai kansa. Idan kika zaɓi a sauko da sabon Windows daga intanet, zai ci data kusan gigabait 4. Wannan hanya tana iya ɗaukar awoyi a kan tsohon faifai, kuma idan wuta ta ɗauke batir ya mutu ana tsakiyar aikin, kwamfutar za ta iya ƙin tashi, don haka a yi shi a inda ake da tabbacin wuta. Ko da yake an ce yana barin fayiloli, ban yarda ki yi shi ba sai kwafin nan biyu suna hannu kuma Yaya ya amince. Idan kuma CrystalDiskInfo ta nuna faifan ba shi da lafiya, ki bar wannan hanyar, domin wahalar da za a ba shi tana iya ƙarasa shi.

Kowace hanya kika bi, manhajojinki za su tafi, kuma a nan ne ɗalibai suka fi yin kuka. Ki ɗauki takarda ki rubuta duk abin da kike aiki da shi. Idan Microsoft Office ne, ki san ta inda za a sake zuba shi da kuma asusun ko lambar da aka buɗe shi da ita. Idan kina nazarin alƙaluma da SPSS, ki tabbatar kin san inda za ki sake samunsa, kuma ki kwafe fayilolin bayananki daban. Idan kina tara madogaran bincikenki a Zotero ko Mendeley, ki shiga asusunki ki tabbatar sun hau intanet. Kalmomin sirrin da Chrome yake tuna miki, na imel da na shafin makaranta, ki tabbatar kin san su. Shi Windows, idan na asali ne, lasisinsa yana ɗaure da kwamfutar, kuma zai farfaɗo da kansa da zarar ta hau intanet, muddin irin wanda yake kai aka sake zubawa, Home a kan Home, Pro a kan Pro.

Ranar gyaran kada ki ajiye kwamfutar ki tafi. Ki zauna a wurin, ki gaya wa mai gyara tun da fari, cikin mutunci, cewa tsohon faifan na marigayi mahaifinku ne kuma ba a rubuta masa komai, a cire shi a gabanki a ba ki a hannu. Mai gyara na ƙwarai ba zai ji haushin haka ba, kuma akwai takardun gida a ciki da bai kamata su kwana a hannun kowa ba. Ki nemi ya zuba Windows na asali, wanda Microsoft yake bayarwa a shafinsa ana ɗora shi a filash mai gigabait 8, ya kuma bar miki ita ba tare da tarin manhajojin da ba ki nema ba, domin su ne suke fara mayar da sabuwar kwamfuta tsohuwa. Kuma a yi wannan aiki a cikin makon nan ko na gaba, kada a kai shi makon da za ki miƙa kundi.

Ya kamata ki san kuma cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, sai dai ƙarin sabuntawar tsaro na ɗan lokaci da ya buɗe wa waɗanda suka yi rajista. Windows 11 yana buƙatar wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0 da injin sarrafa bayanai, wato processor, da bai tsufa sosai ba, a na Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Idan taku ta cika sharuɗɗan, a zuba mata shi kai tsaye. Idan ba ta cika ba, ki gama kundinki da Windows 10 da kika saba da shi, daga baya a duba wani zaɓin kamar Linux Mint, wanda kyauta ne kuma yana tafiya da tsofaffin kwamfutoci. Yanzu ba lokacin koyon sabon abu ba ne a gare ki.

Saura yadda za ki tunkari Yaya. Kada ki fara da kalmar fomatin, domin ita ce take tuna masa da wayarsa. Ki fara yin kwafin, wanda bai saɓa wa maganarsa ba, sannan ki same shi a lokacin da hankalinsa yake kwance, ki miƙa masa filash ɗin ki ce: "Yaya, na ji tsoron kada kwamfutar Baba ta mutu da abubuwansa a ciki, shi ya sa na kwafe su, ga su ka duba." Ku buɗe tare a wata kwamfutar, ya ga hotunan hajjin da idonsa, ya ji muryar da kunnensa, domin gani ya kori ji. Bayan haka ki gaya masa ranar da za ki miƙa kundi, da sau biyun da kika rasa aikinki, ki bayyana masa cewa faifan Baba ba za a goge shi ba, a hannunsa ma zai koma. Ki roƙe shi ya raka ki wurin mai gyara, ko ya zaɓi wanda ya yarda da shi. Mutumin da aka taɓa yi wa ɓarna a bayan idonsa yakan sami natsuwa idan aka yi abu a gabansa. Idan maganar ta yi miki nauyi, ki sa mahaifiyarku ko wani babba da yake jin maganarsa ya zauna tare da ku.

Idan bayan duk wannan ya ce a'a, ki bar shi a kan haka, kada ki ja. Ki dakatar da manhajojin da ke tashi da kansu, a goge mata ƙura idan ya yarda, ki riƙa rufe Chrome lokacin da kike rubutu, kuma ki nemi aron kwamfuta a wurin 'yar'uwa ko ƙawa na waɗannan makonni, tunda kundinki yana cikin imel ɗinki kuma za ki iya ci gaba da shi a ko'ina. Ki kuma roƙe shi izinin a ba mahaifiyarku da sauran 'yan'uwanku kwafin karatun Baba a wayoyinsu. Idan kin duba Task Manager da rahoton lafiyar faifan, ki rubuto mini abin da suka nuna tare da lambar ƙirar kwamfutar, in gaya miki irin SSD da RAM ɗin da za su shige ta.